Chuanxiong: Saiwar da Sinawa Ke Motsa Jini da Ita

Duk wanda ya saba juya kwalin maganin gargajiyar ƙasar Sin yana duba abin da aka zuba a ciki, musamman irin waɗanda ake tallatawa don ciwon kai, ciwon mara ko buɗe jijiyoyin jini, da wuya a ce bai yi karo da sunan Chuanxiong ba. Ana furta shi kamar cuwan-shiyung, masana tsirrai kuma suna rubuta shi Ligusticum chuanxiong. Saiwa ce da Sinawa suka shafe kusan shekara dubu biyu suna rubuta bayaninta a littattafan magani, har yau kuma tana cikin waɗanda aka fi auna wa marasa lafiya a shagunansu. Tun da kayan Sin suka cika kasuwanninmu ita ma ta biyo ayari, a cikin kafso da ganyen shayi da ƙwayoyi. Abin da bai biyo ta ba shi ne sharuɗɗan da masu ita suka gindaya mata, kuma a ganina waɗannan sharuɗɗan su ne rabin maganin.

Tsiron dangin karas ne da seleri da faski, ganyensa a yayyage kamar na karas, tsayinsa bai cika wuce cinyar mutum ba. Abin da ake nema yana ƙarƙashin ƙasa: wani dunƙule mai ƙulle-ƙulle, faɗinsa santimita 2 zuwa 7, bayansa ruwan ƙasa mai kaushi. Idan an yanka shi falle-falle, bakin kowane falle yakan fito a karkace, da shiga da fita, shi ya sa masu sayar da magani a can suke kiran yankan da sunan malam-buɗe-littafi. Cikinsa fari ne mai sirkin rawaya, da ɗige-ɗigen mai masu duhu a warwatse. Ƙamshinsa yana da ƙarfi ƙwarai, ana buɗe leda zai cika ɗaki. Idan ka ɗora a harshe za ka fara jin ɗaci da yaji, harshen ya ɗan yi nauyi, daga baya wani zaƙi-zaƙi ya biyo.

Gidanta shi ne lardin Sichuan da ke kudu maso yammacin Sin, kuma daga sunan lardin aka ɗauko farkon sunanta. Wadda aka fi yabo ita ce ta filayen da ke kewaye da birnin Chengdu, irin su Dujiangyan da Pengzhou, inda har gobe ake ban ruwa da magudanan da wani gwamna mai suna Li Bing ya gina wajen shekara ta 256 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Nomanta yana da ban sha'awa. Tsiron ba ya bayar da irin da za a shuka, don haka da gaɓoɓin kararsa ake dasa shi. Manoma sukan kai wasu saiwoyi kan duwatsu masu sanyi su rene su, da bazara su yanko karan, su datsa shi gaɓa-gaɓa, su sauko da shi fili a dasa cikin watan Agusta. A watan Mayu na shekara mai zuwa ake haƙa, gonar kuma ta koma ta shinkafa. Bayan haƙa sai a shanya, a busar a kan wuta marar ƙarfi, a zuba cikin kwandon gora a yi ta jijjigawa har ƙasa da ƙananan jijiyoyi su kakkaɓe.

Don a gane abin da likitan gargajiyar Sin yake nufi idan ya rubuta wa mutum wannan saiwa, sai an ɗan shiga tunaninsa. A wurinsa jiki yana tafiya ne da abubuwa biyu masu zagayawa: jini, da wani ƙarfi marar ganuwa da suke kira qi, wanda suke ganin shi ke tura jinin. Muddin suna gudana, mutum yana cikin lafiya. Inda suka tsaya, nan ciwo yake sauka, musamman ciwo mai suka da ke zama wuri guda ba ya motsi, ko jinin al'ada mai duhu mai guda-guda, ko harshen da ya yi shuɗi-shuɗi. Chuanxiong a lissafinsu mai yaji ce, mai ɗumi, aikinta kuma ta motsa jini, ta motsa qi, ta kori iska, ta kwantar da ciwo. Iskar da suke nufi ba ta shafi aljanu ba. Suna nufin cutar da kan afko farat ɗaya, ta fi son kai da wuya, irin wadda mu kan ce sanyi ya kama mutum. Bahaushe ba zai ji wannan rabon magunguna zuwa masu zafi da masu sanyi baƙo ba, domin masu maganinmu ma da shi suke aiki, haka littattafan ɗibbu na Larabci.

Tsohon kundin magunguna da ake jinginawa ga wani magabacinsu mai suna Shennong, wanda aka tattara zamanin daular Han mai ɗauke da magunguna 365, ya ambace ta da tsohon sunanta, xiongqiong, ya kuma danganta ta da ciwon kai, raunin makami da matsalolin al'adar mata. Li Shizhen, wanda ya kammala babban kundinsa Bencao Gangmu a 1578 da magunguna 1,892, ya bayyana ta a matsayin maganin da ke aikin qi a cikin jini. Likitocin da suka gabace shi sun siffanta ta da cewa tana hawa har ƙoƙon kai, tana sauka har mahaifa. Wannan hawa da saukar ita ce ta ba ta sana'o'inta biyu da aka fi saninta da su: ciwon kai da ciwon mata.

Sai dai ga abin da mai talla ba ya faɗa. Likitan Sin da ya san aikinsa ba ya bayar da Chuanxiong ita kaɗai. A cikin haɗi take tafiya, kuma sau da yawa ita ce ƙarama a haɗin.

Ɗauki shahararren haɗin mata, Si Wu Tang, wato dafaffen ruwan abubuwa huɗu. Ya fara bayyana ne a wani littafin ɗori da jinyar rauni na zamanin daular Tang, daga baya kundin magunguna na gwamnatin daular Song, Heji Jufang, ya ɗauke shi a ƙarni na 12 ya mayar da shi maganin mata. Saiwoyi huɗu ne: shudihuang, baishao, danggui da Chuanxiong. Biyun farko masu nauyi ne, ana ganin suna gina jini, amma suna iya kwanciya a ciki su cushe shi. An sa Chuanxiong ne don ta tayar da su su zagaya, su kuma su rage mata kaifi da bushewa. Duk hikimar haɗin tana cikin wannan riƙon juna. Wanda ya zare ta daga cikin huɗun ya durƙusa mata ita kaɗai ya bar abin da ake kira Si Wu Tang, ya shiga wani abu daban.

Haka haɗin ciwon kai, Chuanxiong Cha Tiao San, wanda shi ma daga wancan kundi na Song ya fito. Gari ne na abubuwa takwas, ciki har da na'a-na'a, ana shan ɗan kaɗan da koren shayi bayan cin abinci. Shayin yana da aiki: a lissafinsu mai sanyi ne mai saukarwa, don haka yana taka wa saiwoyin masu ɗumi birki. Kuma ba kowane ciwon kai aka yi shi dominsa ba. Na wanda sanyi ya buga ne, mai toshewar hanci da jin ɗari. Mutumin da kansa ke sarawa, fuskarsa ta yi ja, yana jin jiri da saurin fushi, wanda a yau za mu ce a fara auna masa jini, littattafan da kansu sun ce wannan garin ba nasa ba ne.

Akwai wasu haɗe-haɗen da suka cancanci ambato. Zhang Zhongjing, babban likitan ƙarshen daular Han, ya sa ta cikin maganin rashin barci wanda jigonsa ƙwallon wata bishiya ce 'yar'uwar magarya da kurna. Akwai Shenghua Tang da ake dangantawa da Fu Qingzhu na ƙarni na 17, wanda masu jego ke sha a kudancin Sin da Taiwan cikin watan da suke zaman gida bayan haihuwa, da nufin fitar da ragowar jinin biƙi. A yankin Guangdong ma har miyar kan kifi ake dafawa da ita. Amma wanda ya fi jan hankalina shi ne Wang Qingren.

Wannan likita, da ya rayu daga 1768 zuwa 1831, bai gamsu da zanen kayan cikin ɗan'adam da ya gada daga magabata ba. A zamanin da feɗe gawa abin ƙyama ne, sai ya riƙa zuwa maƙabarta lokacin wata annoba da ta kashe yara da yawa a 1797, yana duba gawarwakin da aka binne sama-sama karnuka suka tone. Gani ya kori ji, ya gyara wasu kurakuran magabata a littafinsa Yilin Gaicuo na 1830. Shi ma kuma ya yi nasa kurakuran: da ya tarar da manyan jijiyoyin da ke fita daga zuciya babu jini a gawa, sai ya ɗauka qi suke ɗauka. Duk da haka haɗe-haɗensa na motsa jini suna cikin waɗanda suka fi tasiri a asibitocin Sin na yau. Ɗaya daga cikinsu, Buyang Huanwu Tang, na masu shanyewar ɓarin jiki ne, kuma awonsa abin lura ne: saiwar huangqi mai ƙarfafa jiki ta ninka Chuanxiong sau arba'in. Mutumin da ya fi kowa imani da motsa jini, ɗan mitsitsi ya zuba daga cikinta ga mai shanyewar jiki.

Tsoron nan yana da tarihi. Shen Kuo, masanin daular Song, ya ba da labari a rubuce-rubucensa na wajen 1088 cewa wani ɗan danginsu ya daɗe yana shan wannan saiwa, wani likita ya gargaɗe shi cewa dogon shanta yana kawo mutuwar fuju'a, daga baya kuma mutumin ya faɗi ya mutu ba tare da jinya ba. Labarin mutum ɗaya ba hujja ba ne, amma likitocin da suka biyo baya ba su yi watsi da shi ba. Kou Zongshi, a littafinsa na 1116, ya fassara abin da cewa shanta ita kaɗai na tsawon lokaci yana tarwatsa ƙarfin jiki. Daga nan ƙa'idar ta zauna: kaɗan ake sha, a cikin haɗi, a daina idan ciwo ya tafi. Kundin magunguna na gwamnatin Sin a yau ya ƙayyade giram 3 zuwa 10 a rana. Littattafan koyarwa sun yi gargaɗi game da mai ciki, da macen da jinin al'adarta ke da yawa, da mai kowace irin zubar jini, da mutumin da jikinsa ya bushe yana gumin dare da ƙishirwa. An kuma san cewa wuce kima yana kawo amai, jiri da matsanancin ciwon kai, wato ainihin abin da aka sha ta don a kora. Zuma ce, da zaƙi da harbi.

To, me aka samu da aka kai ta ɗakin bincike? An samu abubuwa na gaske. Man da ke ba ta ƙamshi yana ɗauke da sinadarai irin su ligustilaid da senkiyunolaid, akwai kuma ferulik asid, wanda da shi hukuma take auna ingancin saiwar, sai wani da ake kira ligustirazin wanda masana Sin suka ware a shekarun 1970. A gwajin dabbobi da na kwalba, waɗannan sinadarai suna saki jijiyoyin jini su buɗe, suna rage mannewar ƙwayoyin da ke daskarar da jini, suna sassauta murɗawar tsokar mahaifa, suna kuma rage kumburi. Wato tsofaffin likitocin ba su yi mafarki ba da suka ce tana taɓa jini da ciwo. Akwai dai wani abin mamaki: ligustirazin, wanda ya fi duk sauran suna, ɗan ƙanƙani ne ƙwarai a cikin ɗanyar saiwar. Wanda ake ɗura wa marasa lafiya a asibitocin Sin a masana'anta ake haɗa shi. Saboda haka binciken da aka yi kan allurar ba ya zama shaida ga mai tafasa saiwa a tukunya, duk da cewa masu talla sukan gauraya biyun.

Ɓera kuma ba mutum ba ne. Abin da ke raba gardama shi ne gwaji a kan marasa lafiya, inda ake jefa ƙuri'a a raba su gida biyu, a ba wasu maganin, a ba wasu holoƙon ƙwaya mai kama da shi, ba tare da majiyyaci ko likita ya san wa ya sha me ba. A nan ne labarin Chuanxiong ya yi rauni. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace irin waɗannan gwaje-gwaje, ta duba magungunan Chuanxiong ga wanda shanyewar jiki ta kama yanzu-yanzu a 2008, ta tarar gwaji biyu kacal suka cancanci dubawa, mutanen cikinsu ba su kai ɗari biyu ba, ta ce babu isasshiyar hujja. Ta duba batun rigakafin shanyewar a 2010, ta dawo da hukunci makamancin wannan. Haka ta yi da Suxiao Jiuxin Wan, 'yan ƙananan ƙwayoyin da aka ƙirƙiro a birnin Tianjin a farkon shekarun 1980 daga Chuanxiong da wani abu dangin kafur, waɗanda tsofaffi da yawa a Sin ke yawo da su a aljihu cikin 'yar kwalbar tangaran, suna sa wa ƙarƙashin harshe idan ƙirji ya riƙe. Gwaje-gwaje 15 da mutum 1,776 sun nuna alamar amfani, amma yadda aka gudanar da su bai ba da damar a dogara da sakamakon ba.

Mai karatu zai iya cewa ai an buga ɗaruruwan bincike a Sin da ke cewa tana aiki. Gaskiya ne an buga. Matsalar kuma masanan Sin ne da kansu suka tona ta. A 2009 wata tawaga ƙarƙashin Wu Taixiang ta buga rahoton yadda ta tuntuɓi marubutan bincike sama da 2,000 da suka yi iƙirarin sun raba marasa lafiya da ƙuri'a, ta tambaye su yadda suka yi. Waɗanda suka yi shi bisa ƙa'ida ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ita ma gwamnatin Sin ta ɗauki mataki: a 2019 hukumar lafiyar ƙasar ta fitar da jerin magunguna 20 da ake yawan rubutawa fiye da yadda hujja ta nuna, ta sa a sa musu ido, kuma allurar da ta haɗa wata saiwa mai suna danshen da ligustirazin tana cikinsu. Wannan gaskiyar da suka faɗa wa kansu ta fi burge ni a kan duk wani yabo da na karanta game da saiwar.

Inda hujjar ta ɗan fi ƙarfi shi ne wajen ciwo. Akwai gwaje-gwajen da aka kwatanta haɗe-haɗen Chuanxiong da holoƙon ƙwaya ga masu ciwon ɓarin kai, aka ga raguwar yawan tashinsa, ko da yake galibinsu gajeru ne kuma a Sin kaɗai aka yi su. A Taiwan an gwada Si Wu Tang a kan 'yan mata 78 masu ciwon mara, aka buga sakamakon a 2007: a ƙarshen shan maganin bambancin da ke tsakanin gidajen biyu bai taka kara ya karya ba, sai a watan da ya biyo baya aka ga waɗanda suka sha na gaskiyar sun ɗan fi samun sauƙi. Sauƙi ne matsakaici, irin wanda za a iya cewa a ci gaba da bincike a kansa, amma bai kai a yi shela ba.

Ba ina cewa babu alheri a tukunyar Sinawa ba. Duk ɗan da ya warke daga zazzaɓin cizon sauro a Kano ko Zinder da ƙwayoyin zamani na haɗin atimisinin, ya ci albarkacin wani ganye ɗan'uwan tazargade da wata masaniyar Sin mai suna Tu Youyou ta ciro sinadarinsa a farkon shekarun 1970, bayan ta samu haske daga littafin Ge Hong na ƙarni na 4. Aikin ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Amma hanyar da ganyen ya bi ita ce abin lura: an ware sinadarin, an auna shi, an gwada shi a kan dubban mutane a ƙasashe da yawa. A dangin Chuanxiong ma an fara ganin irin wannan. Wani sinadari mai suna butilftalaid, wanda aka fara cirowa daga irin seleri kuma ana samunsa a Chuanxiong, an gwada shi bisa ƙa'ida a kan mutum 1,216 masu shanyewar jiki, aka buga a mujallar JAMA Neurology a 2023. Kimanin kashi 57 cikin ɗari na waɗanda suka samu maganin sun farfaɗo da kyau bayan kwana 90, a ɗaya gidan kuma kashi 44. Sakamako ne mai faranta rai. Sai dai dukkansu suna kwance a asibiti, an riga an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, an kuma yi musu aikin narkar da gudan jini ko zaro shi. Ba saiwa aka jiƙa musu a gida ba.

Maganar hoton ƙwaƙwalwa ita ce inda abin ya fi shafar mu, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya tsaya da kyau. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Akwai wadda gudan jini ke toshe jijiya, akwai wadda jijiyar ke fashewa jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. Daga waje kamanninsu ɗaya: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Babu wanda zai iya bambance su da ido, komai ƙwarewarsa, sai da na'urar hoto. Babban binciken da aka yi a asibitocin Nijeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018, ya nuna kusan ɗaya cikin uku na masu shanyewar jiki a yankinmu irin ta fashewar jijiya ce, kuma hawan jini shi ne babban sanadi. Wannan kaso ya fi na ƙasashen Turai nesa ba kusa ba. Yanzu a ɗauko maganin da aikinsa buɗe jijiya da hana jini daskarewa, a ɗura wa dattijon da jini ke zuba a kansa, saboda kwalin ya ce yana maganin shanyewar jiki. Ga shi kuma lokacin da aka ɓata ana jiran ya yi aiki shi ne lokacin da ya fi tsada, domin allurar narkar da gudan jini tana da wa'adin kimanin awa huɗu da rabi daga fara alamun.

Haɗarin bai tsaya nan ba. Mai shan asfirin kullum, ko wafarin, ko wani maganin tsinka jini da likitan zuciya ya ɗora shi a kai, idan ya ƙara da Chuanxiong ya tara abubuwa biyu masu aiki iri ɗaya, zubar jini na iya biyo baya. Haka wanda za a yi wa tiyata ko cire haƙori. Mace mai ƙaramin ciki da ba ta riga ta sani ba, ta ga al'ada ta yi jinkiri ta nemi maganin da zai sauko da ita, tana wasa da ɓari. Mai jego da ke zubar da jini fiye da kima asibiti take buƙata cikin gaggawa, domin zubar jini bayan haihuwa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a ƙasashenmu.

Akwai kuma tambayar ko abin da ke cikin kwalin shi ne abin da aka rubuta a bayansa. A Turance suna ɗaya ake kiran tsirrai da dama da shi: Chuanxiong, da 'yar'uwarta gaoben, da wani ganyen miya na Turai, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne. A Japan da Koriya ma wani tsiron daban ake amfani da shi a madadinta. Rikicin suna a wannan fage ya taɓa jawo bala'i. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, an musanya wata saiwar Sin da wata mai kama da ita a suna cikin maganin rage ƙiba, mata sama da ɗari suka samu lalacewar ƙoda, wasu daga baya suka kamu da sankarar mafitsara da hanyar fitsari. Ba Chuanxiong ce ta yi wannan ba, amma darasin ya shafi duk wani garin da ba ka ga saiwarsa da idonka ba. Ita kanta Chuanxiong masu bincike a Sin sun nuna tana zuƙar ƙarfen kadmiyom daga ƙasa, abin da ya sa gonar da ta fito da gwajin da aka yi mata suke da muhimmanci.

Musulmi mai karatu yana da ƙarin abin dubawa. Ɗaya daga cikin hanyoyin sarrafa saiwar shi ne a yayyafa mata giyar shinkafa a soya sama-sama, wai don ƙarfinta ya ƙara hawa kai, kuma ana sayar da wannan nau'in da sunansa daban. Wasu haɗe-haɗen an tsara a sha su da giya, haɗin Wang Qingren na shanyewar jiki kuma akwai busasshiyar tana a cikinsa. Hukuncin wannan na malamai ne, amma haƙƙin mai saye ne ya san abin da yake haɗiya, kuma kwalin da aka rubuta da harshen da ba ya karantawa ya tauye masa wannan haƙƙin. A Nijeriya, lambar NAFDAC da ke kan maganin gargajiya, mai harafin L a ƙarshe, tana nufin hukumar ta duba cewa ba shi da wata illa bayyananniya, ba ta nufin ta tabbatar yana warkar da abin da aka lissafa. Mutane da yawa suna ɗaukar lambar a matsayin shaidar waraka.

A Sin, mai neman wannan saiwa yakan zauna gaban likitan da ya yi shekaru yana karatu, a taɓa bugun jininsa, a duba harshensa, a tambaye shi barci da fitsari da al'ada, a rubuta masa haɗi na 'yan kwanaki, ya dawo a sake dubawa a canza awo. Dokar ƙasar kan maganin gargajiya, wadda ta fara aiki a 2017, ta tanadi lasisi da sa ido, a manyan asibitoci kuma na'urar hoton ƙwaƙwalwa tana nan, haka ma ɗakin dafa saiwoyi. Ko a can ana gardama mai zafi kan yawan abin da aka tabbatar. A nan kuwa sau da yawa wanda ke miƙa maka kwalin ɗan kasuwa ne da ke neman cika adadin sayarwa na wata, bai taɓa ganin saiwar ba, kuma ribarsa tana ƙaruwa ne idan ka daɗe kana sha, wato daidai abin da Shen Kuo da Kou Zongshi suka yi gargaɗi a kai shekara ɗari tara da suka wuce.

Hukuncina shi ne, Chuanxiong magani ce mai ƙarfi, akwai alamun tana rage wasu nau'o'in ciwon kai da ciwon mara idan an sha kaɗan, cikin haɗi, na ɗan lokaci, a hannun wanda ya san ta. Babu hujjar da ta isa a ce tana hana shanyewar jiki ko tana maye gurbin maganin hawan jini da na zuciya. Mai ciki, mai jego da ke zubar jini, mai shan maganin tsinka jini da wanda ke jiran tiyata su nisance ta. Wanda ya riga ya fara sha, ya ɗauki kwalin ya kai wa likitansa ko mai ilimin haɗa magunguna ya duba. Idan kuwa bakin wani ya karkace ko hannunsa ya saki a gidanku, kada a ba shi komai ya haɗiya, a nemi mota a kai shi asibiti a wannan sa'ar.